Layina da sunan tsohon mijina yake, ga shi an sace wayar

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune a Kurna. Ina saro atamfa da leshi da mayafai a Kantin Kwari, in ɗauki hotonsu in sa a WhatsApp, masu saye su turo kuɗi, in ba ɗan sahu ya kai musu. Makon jiya aka zare mini waya daga jaka a cikin Adaidaita Sahu. Layin da ke ciki shi duk kwastomomina suka sani, shi ne kuma a banki. Na ari wayar ƙanwata na kira kamfanin, na sha kiɗa har na gaji, da aka ɗauka aka ce in je ofis. A ofis suka duba kwamfuta suka ce ba sunana ne a kan layin ba. Gaskiyarsu ne. Tsohon mijina ne ya saya mini shi muna amarci, ya yi rajista da sunansa, daga baya ya haɗa da NIN ɗinsa. Mun rabu bara, kuma ba rabuwar daɗi muka yi ba. Wani yaro ya ce in ba shi dubu goma sha biyar zai fito mini da layin ba sai mai shi ya zo ba. Don takaici na rubuta kukana a shafin kamfanin na Facebook, na sa lambar ƙanwata. Jiya wani ya kira ya ce daga kamfanin yake, in karanto masa lambobin katin ATM ɗina a tabbatar ni ce. Ban ba shi ba, na ce zan neme shi. Anti, ba na son in je in durƙusa wa mutumin nan. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Kurna, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Na kuma gode Masa da zare ta aka yi daga jaka, ba tare ki aka yi da makami ba, don kin san yadda ƙwacen waya ya zama a garin nan.

Na san maganar baban yara ce ke hana ki barci, kuma za mu zo kanta. Amma akwai abin da ba ya jiran gobe. Kin ce kin kira kamfani, kin je ofis, kin yi rubutu a Facebook. Ban ga inda kika ce kin je banki ba. In har ba ki je ba, ki ajiye karatun nan ki sa hijabi ki tafi, kya ƙarasa in kin dawo. Ɓarayin waya na yanzu ba wayar ce babbar ribarsu ba. Ita a wulaƙance za su sayar da ita. Sim ɗin suke so. Da shi ake danna lambobin nan masu tauraro a tura kuɗi ko babu data, ta kansa banki ke turo lambar sirrin nan ta ɗan lokaci, da shi ake binciko BVN, har a je a ci bashi a manhajojin rance da sunanki kina zaune a ɗaki. Ki tafi da katin shaidarki, ki ce an sace wayar da ke haɗe da asusunki, a dakatar da fitar kuɗi ta waya, a kuma buga miki takardar shige da ficen kuɗi tun daga ranar da abin ya faru, ki zauna ki bi ta layi-layi. In kina da OPay ko PalmPay, waɗanda lambar wayar ce ma lambar asusun, su ma ki sanar da su a rufe. Asusun banki da sunanki yake, da BVN ɗinki, don haka a nan ba wanda zai ce miki sai wani ya zo.

Shi kuwa wancan da ya kira jiya, kada ki neme shi, in ya sake kira kada a ɗauka. Ɗan damfara ne. Kamfanin waya ba shi da abin da zai yi da katin ATM ɗinki, kai ko bankin da ya ba ki katin ba ya tambayar lambar sirrinsa. A ƙarƙashin rubutunki na Facebook ya tsinci lambar ƙanwarki. Akwai masu zama takanas suna bin shafukan kamfanoni da na bankuna suna tsintar lambobin waɗanda suka zo kuka, domin sun san mai neman mafita da gaggawa ba ya tsayawa bincike. Ki goge rubutun, ki kuma ja wa ƙanwarki kunne, kada wata rana a kira ta ba kya kusa.

To, batun kiran kamfani. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin suka zama iri ɗaya. Da can mai MTN 180 yake kira, mai Airtel 111, mai Glo 121. Yanzu kowa 300 zai danna ya samu masu kula da kwastomomi, kamar yadda *310# ta zama lambar duba kati a ko'ina. Amma 300 kamfanin sim ɗin da ke cikin wayar take kai mutum, saboda haka ki nemi wayar da layinta kamfani ɗaya ne da naki da aka sace. Ki saurari muryar na'urar har ta zo inda ake zaɓar harshe, ki zaɓi Hausa in da ita, ba don ba kya jin Turanci ba, sai don mutum ya fi iya tsara kukansa da harshen da yake fushi da shi. Ni na fi ganin sauƙin samun su da sassafe, kafin gari ya ɗauki zafi.

Kafin ki danna, ki ajiye takarda da biro a gabanki. Ki rubuta lambar da aka sace, ranar da aka sace ta, lambobin da kika fi kira, da katin ƙarshe ko datar ƙarshe da kika saya da nawa ne. Waɗannan su ne irin tambayoyin da suke yi. In an ɗauka, kada ki fara da tarihin aure. Buƙata ɗaya za ki faɗa: an sace waya, ina so a toshe layin. Mai yiwuwa su toshe in kin amsa tambayoyinsu, mai yiwuwa kuma su ce sai mai sunan ya kira da kansa. Ko wanne suka ce, ki tambayi sunan wanda kike magana da shi, ki ce ya ba ki lambar ƙorafinki, ki rubuta ta tare da kwanan wata da ƙarfe nawa. Mutanenmu ba su damu da wannan lamba ba, alhali ita kaɗai ce shaidar cewa kin taɓa kira. In babu ita, duk wanda ya ɗauka gobe daga farko za ki soma masa.

Kuma don Allah ban da zagi. Yaran nan da ke ɗaukar kira ba su suka tsara dokar ba, abin da allon kwamfuta ya nuna musu shi suke karantawa, ana naɗar muryarsu, akwai kuma wanda ke lissafa musu mintin da suka ɓata a kan kowane kira. Wanda kika yi wa magana da mutunci yakan ƙara miki da bayanin da ba ki tambaya ba. Wanda kika balbale da faɗa zai maimaita miki "ki je ofis" har ki gaji ki kashe.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba: ko kwana za ki yi kina kiran 300, ba za a ba ki layin nan ta waya ba, kuma ma'aikatan ofishin da suka mayar da ke ba su zalunce ki ba. A wajen kamfani da hukuma, mai layi shi ne wanda sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa ke kan rajista, ba wanda ke sa masa kati ba. Tun 2011 aka fara tilasta rajistar sim a ƙasar nan. A watan Disamban 2020 gwamnati ta ce kowane layi a haɗa shi da NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi shekara da shekaru, har aka tsayar da na ƙarshe a watan Satumban 2024, aka rufe layukan da ba su cika sharaɗi ba. Duk wanda ya ga cincirindon da aka yi a ofisoshin kamfanoni da na NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a Kano a lokacin ba zai manta ba. A cikin wannan turmutsutsun ne mata da yawa suka ce wa maigida ko yaya ko ɗa, haɗa mini da taka kawai, don gudun bin layi a rana. Ba ke kaɗai ba ce. Akwai gidajen da layin uwa da na kishiya da na 'yan mata duk a kan NIN ɗin mutum ɗaya suke. Ranar da aka yi rasuwa ko saki ko sata, ranar ake gane illar abin.

Ki kuma juya maganar ki duba ta ɗaya ɓangaren. Da a ce ofishin na ba da layi ga duk wanda ya zo ya ce nawa ne, ya lissafo lambobi biyar da ake yawan kira, to da kishiya ko ɗan aike ko maƙwabcin da ya san harkokinki ya isa ya je ya karɓe layinki, ya kwashe abin da ke banki kafin ki lura sabis ya ɗauke a wayarki. An yi wa mutane haka ba adadi, shi ya sa aka tsaurara. Dokar da ta tare ki yau, ita za ta tsare ki ranar da layin ya koma sunanki.

Wannan ya kawo mu kan yaron nan mai dubu goma sha biyar. Ɗayan biyu ne. Ko dai ya karɓi kuɗin ya yi ta ce miki netwok ne ba kyau har ki haƙura, ko kuma da gaske yana da wani na ciki da za su haɗa baki su fitar da layi ba da sanin mai rajista ba. Na biyun ya fi na farkon muni, domin laifi ne a doka, kuma ke ce kika biya aka aikata. Ko an yi nasara ma, me kika samu? Layin yana nan da sunan tsohon mijinki. Ranar da ya gano, ofis ɗaya zai shiga ya ce an sace masa layi, a mayar masa, ke kuma ki shiga bayanin yadda aka yi sim ɗin ya zo hannunki. Ga shi kin miƙa wa baƙon yaro lambar da ya san tana haɗe da banki. Ki riƙe kuɗinki, kya cika ki sayi waya.

Saura baban yara. Kin ce ba kya son ki durƙusa masa, kuma ban ce ki durƙusa ba. Ban ma ce ki je wurinsa ba. Ba ke za ki yi wannan magana ba, ta maza ce: yayanki, ko kawunki, ko wanda ya yi miki walicci, duk wanda kika san yana jin nauyinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki zaunar da shi ki faɗa masa komai, har da cewa da wannan layin kike ciyar da yara. Abin da za a nema a wurin mutumin kaɗan ne, kuma a faɗa masa shi a ƙayyade: ya ba da safiya ɗaya, ya zo ofishin kamfani da shaidar NIN ɗinsa, a dawo da layin, abin da ake ce wa walkam bak, sannan a nan take a cike takardar mayar da shi sunanki. Aiki biyu ne daban, kada a yi na farko a watse a bar na biyu. Mayar da suna yawanci sai ku biyun kuna wurin, kowa da NIN ɗinsa, a ɗauki hotonki da yatsunki. Ba sai kun gaisa ba in ba kya so. Ki zauna a kujerarki kusa da yayanki har a kira ki.

Ga kuma abin da nake so ɗan aiken ya fara da shi, domin shi ne zai tayar da mutumin daga zaune ko da ba ya ƙaunar jin sunanki. A yanzu haka layin da ke ɗauke da sunansa da hotonsa da NIN ɗinsa yana hannun ɓarawo. In aka damfari wani da shi, ko aka kira wani aka yi masa barazana, ko aka nemi kuɗin fansa, jami'an tsaro ba Kurna za su zo neman mai atamfa ba. Sunan da kwamfuta ta nuna za su bi, ƙofar gidansa za su ƙwanƙwasa. Saboda haka ba alfarma ake roƙo ba, kansa ake taya shi cirewa daga igiya. Namijin da zai iya yin kunnen ƙashi da "ka taimaki uwar 'ya'yanka" ba kasafai yake yin sa da "sunanka na hannun ɓarayi" ba. A faɗa masa cikin girmamawa, ba da sigar tsoratarwa ba, kuma kada a kuskura a cusa maganar kuɗin makarantar yara ko kayan ɗakin da aka riƙe a wannan zaman. Kowace magana da ranarta. In aka haɗa su, layin zai zama abin ciniki, ke ce kuma za ki yi asara.

Kafin ranar, wani ya leƙa ofishin ya tambayi takardun da suke buƙata, don kada a ɗauko mutum da ƙyar a ce ya koma ya dawo. Idan sim ya ɓata ko an sace, sukan nemi takardar rantsuwa daga kotu ko rahoton 'yan sanda. Ana yin rantsuwar a babbar kotun jiha da ke Sakatariyar Audu Bako da sauran kotuna. A rubuta gaskiya yadda take: layin da sunansa yake, ke ke amfani da shi, a hannunki aka sace. Kuma babban ofishin kamfanin za ku je, ba 'yan lema na bakin titi ba. Su sayar da sabon layi da kati suka fi yi, mayar da suna ya fi ƙarfin yawancinsu.

In ya ƙi fa? Akwai mai unguwarsu, akwai limamin masallacin da yake salla, akwai Hisbah, waɗanda sasanta tsofaffin ma'aurata aikinsu ne na kullum. Sau da yawa kira ɗaya daga dattijon da ake jin kunya ya wadatar. Amma ba zan ruɗe ki ba, in ya kafe, kamfani ba zai ƙwace layin daga sunansa ya ba ki ba.

Na san wani zai ce miki ki kira 622. Lambar NCC ce ta karɓar ƙorafi, kyauta ce, kuma tana da amfani ƙwarai, hukumar ma tana da ofishin shiyya a nan Kano. Sai dai an yi ta ne don wanda ya kai kuka wurin kamfaninsa aka ƙi share masa hawaye a kan haƙƙinsa, kuma abin da za su fara tambaya shi ne lambar ƙorafin nan da na ce ki rubuta. In kun je da baban yara da cikakkun takardu aka yi ta yi muku jeka-ka-dawo, ko aka ce sai kun ba da na goro, ko ya nemi a toshe layin aka bar shi a buɗe, to nan 622 za ta yi aiki. Amma a ce a ba ki layin da ba sunanki, su ma amsar ofis za su ba ki.

Shi ya sa nake so, duk abin da ake ciki, ki yanki sabon layi da sunanki da NIN ɗinki a wannan makon, kada kasuwa ta tsaya tana jiran sulhu. Ki je da ƙafarki a ɗauki hotonki, kada ki sayi wanda aka riga aka yi wa rajista komai arharsa. Ki kai sabuwar lambar banki a sauya, alat ya dawo hannunki. Ki sa wa sim ɗin lambar sirri tasa ta kansa, ban da ta buɗe waya, yadda ko an cire shi an sa a wata wayar ba zai yi aiki ba. Minti biyu ne a wurin saitin waya, amma ki tambayi kamfani lambar farko da sim ɗin ya zo da ita, don in aka yi kuskure sau uku yakan kulle. In za ki sayi waya ta hannu a Farm Centre ko Beirut Road, ki karɓi rasidi mai sunan shago, kada a je ta wani ce da aka raba shi da ita kamar yadda aka raba ki da taki.

Kwastomomi kuwa ba su ɓata kamar yadda kike tsoro ba. In wayar Android ce kuma kina tuna adireshin Gmail ɗinki da kalmar sirrinsa, akwai yiwuwar lambobinsu na nan a ajiye, suna dawowa da zarar kin shiga a sabuwar waya. Ki sa ƙanwarki da ƙawayenki su ɗora sanarwa a sitatus, a tura zaurukan 'yan uwa da na 'yan adashi da na Islamiyya: an sace wayar wance, duk wanda aka nemi kuɗi a wurinsa ta tsohuwar lambar kada ya tura. Wannan ma da gaggawa ne, domin ɓarawo na iya shiga WhatsApp ɗinki ya ga wadda ta yi odar leshi, ya tura mata lambar asusunsa da sunan ke ce. Masu shagon da kike saro kaya a Kwari su ma ki bi su ki faɗa musu baki da baki, kada a karɓi kaya bashi da sunanki.

Kada kuma a bar maganar tsohon layin ta yi tsawo ana za a je, za a je. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba kamfani na iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu shida a haka a sayar wa wani lambar. Wanda ya saya kuwa shi zai riƙa karɓar kiran kwastomominki da duk saƙon da ba ki sauya wa lamba ba.

Akwai abu ɗaya da nake zaton zai faru, gara ki shirya masa. Mutumin na iya yarda ya je a dawo da layin don ya cire kansa daga hatsari, ya miƙo sim ɗin, amma ya ce batun mayar da suna a bari sai wani lokaci. Kada yayanki ya tsaya ja-in-ja, ya karɓa ya yi godiya. Ke kuma kada ki ɗauka an gama, domin muddin da sunansa yake, duk ranar da ransa ya ɓaci zai iya komawa ya sake fitar da shi, ya ga saƙonninki, ya karɓi lambar shiga WhatsApp ɗinki. A ranar da sim ɗin ya shigo hannunki, ki sa shi a waya ki buɗe WhatsApp da shi, wannan zai fitar da ɓarawon daga ciki. Sannan ki shiga saiti ki zaɓi sauya lamba, ki mayar da komai kan sabon layinki. Zaurukan da kike ciki za su ga sauyin da kansu, za a kuma ba ki zaɓin sanar da mutanen da ke cikin wayarki. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lambobi shida da ba ranar haihuwar yara ba, tunda ya san su. Tsohon layin ki bar shi a ƙaramar waya na 'yan watanni, kina sa masa katin ɗari biyu lokaci-lokaci, duk wanda ya kira ki ba shi sabuwar lamba, har kiran ya ƙafe.